Yara suna amsawa da baki ɗaya, amma da an juya tambaya sai shiru

Hedimasta, ƙasar Ringim

Assalamu alaikum, malamai. Shawara nake nema a kan abin da na tabbata ba makarantarmu kaɗai ya dama ba.

Aji biyar, yara sun haura tamanin, malami ɗaya, littafin karatu bai kai goma ba, rabin ajin a tabarma suke zaune. Idan malami ya rubuta abu a allo ya ce a maimaita, har bakin hanya ana jin muryarsu. Ya ce "Kun gane?" su ce "Mun gane!" Amma da an ɗan juya tambayar, ko a kira yaro shi kaɗai a ce ya faɗi dalili, sai ya sunkuyar da kai. A lissafi sun haddace sau har gidan sha biyu, amma a ce kwanon gero naira kaza ne, kwano bakwai nawa ke nan, sai su tsaya suna jiran a gaya musu tarawa za a yi ko ninkawa. Abin da ya fi ci mini rai, yaran nan su ne suke talla ranar kasuwa, suna ba da canji ba kuskure.

Duk taron bitar da aka je sai an ce a koya wa yara tunani da nazari. Mun yarda. Abin da nake so a gaya mini shi ne me malami zai yi ranar Litinin da safe, da alli da abin da ake samu a ƙauye, a cikin darasi na minti 35. Allah ya saka da alheri.

Mai horar da malamai, Wudil

Wa alaikumus salam, Malam Hedimasta. Kafin a kai ga maganar tunani, a fara sanin yara nawa ne a cikin tamanin ɗin suke iya karatu da kansu. Amsar baki ɗaya ita take rufe wannan: goman gaba su ja, saura su bi sautin kamar 'yan amshi. Yaron da yake fama da haɗa baƙi da wasali, duk ƙarfinsa a nan yake ƙarewa, ba ya da sauran da zai yi nazarin ma'ana da shi.

A yi gwaji, yaro ɗaya bayan ɗaya, a gindin bishiya nesa da kunnen sauran. Takarda guda ta isa, a raba ta huɗu: haruffa goma, kalmomi goma masu gaɓa biyu, ɗan sakin layi mai jimla huɗu, da labari mai jimla takwas zuwa goma. Duk da Hausa, kuma kada a ɗauko daga littafin da suke karantawa a aji, don sun haddace shi. A fara ba yaro sakin layin. Idan ya karanta a jere, kuskurensa bai wuce biyu ba, a hau da shi labarin, a yi masa tambaya biyu a kai. Idan ya kasa, a sauko kalmomi, ya zaɓi biyar ya karanta, a nemi huɗu daidai. Idan nan ma ya kasa, a sauko haruffa. Kowane yaro zai ci minti uku, wato kamar awa huɗu ga ajin duka. Malamai biyu sa gama a kwana biyu.

Daga nan a haɗa aji huɗu, biyar da shida na awa ɗaya kowace safiya, a raba su bisa abin da gwajin ya nuna, ba bisa aji ko tsawo ba: masu harafi, masu kalma, masu labari. Kowane malami ya ɗauki rukuni guda. Wannan shi ne tsarin da ƙungiyar Pratham ta faro a Indiya, kuma an gwada shi a nan jihar Kano a shirin KaLMA na inganta karatu da lissafi da aka fara a 2019 a Wudil da Dawakin Tofa, da 'yan aji huɗu zuwa shida.

Hausa tana da sauƙi a nan domin kusan abin da aka rubuta shi ake furtawa. Yaron da ya riƙe gaɓoɓi, ba be bi bo bu, ya kama hanya. Inda suke tuntuɓe sananne ne: haruffa masu lanƙwasa, da ts, da sh, da 'y, da juya b ta koma d. A yanka kwalin sabulu a yi katin gaɓa, a ba su su haɗa kalmomi da hannunsu. A jera musu baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, bari da ɓari, a ce kowa ya sa kowace a jimla. Tun daga nan an fara sa su lura da tunani.

Rashin littafi ba ya hana wannan. Yara su ba da labarin abin da suka gani a kasuwa ko a fadama, malami ya rubuta jimla shida daga bakinsu a bayan tsohuwar kalanda, shi ne karatun makon.

Abin da yake kashe tsarin uku ne. A ba rukunin ƙasa malamin da ya fi rauni, alhali su suka fi bukatar gwani. A laƙaba musu sunan da zai sa babban yaro ya ji kunya ya daina zuwa. Ko a bar su a rukuni ɗaya har ƙarshen shekara. Duk bayan mako biyar ko shida a sake gwajin, wanda ya wuce ya ci gaba nan take.

Malamar lissafi, ƙasar Gumel

Na yarda da Malam na Wudil, sai dai ba sai an jira kowa ya iya karatu ba. Yaron da bai san harafi ba yana da hankalinsa, kuma ana iya motsa shi da baki tun gobe.

Malam Hedimasta, ka fara da wannan don ka ga girman matsalar da idonka. A ce wa ajin: "Makiyayi yana da tumaki 20 da awaki 10. Shekarunsa nawa?" A duba nawa za su ce 30. Duk wanda ya ce 30 ba wawa ba ne, an saba masa ne da cewa idan malami ya kawo lamba biyu to dole a yi musu wani abu. A kasuwa ba ya haka, domin a can ya san abin da lambar take nufi.

Abu na farko, a daina tambayar "Kun gane?", ba ta taɓa kawo wa malami labarin gaskiya ba. A maimakonta kowa ya nuna amsarsa lokaci guda. Falankin silin mai ƙafa takwas da huɗu, idan kafinta ya yanka shi ƙafa ɗaya-ɗaya, yana ba da ƙananan alluna 32. Biyu sun wadaci yara tamanin idan biyu za su haɗu a kan ɗaya, har a sami rara. A shafa musu baƙin fenti na allo, a karya alli gida uku. Wannan kuɗin bai fi ƙarfin kwamitin makaranta ba. Kafin a samu, a fita waje kowa ya rubuta a ƙasa da tsinke. Malami ya ba da aiki, ya jira, ya ce "A ɗaga!" Cikin daƙiƙa goma ya ga kan ajin duka.

Sannan a zaɓi tambayar da kuskurenta zai faɗi ciwon. Misali 72 a ɗebe 38. Amsa 34. Wanda ya rubuta 46, ƙaramar lamba yake cirewa daga babba duk inda ya same ta: 2 daga 8, 3 daga 7. Wanda ya rubuta 44 ya yi aro, amma ya manta bai rage 7 ta koma 6 ba. Wanda ya rubuta 110 tarawa ya yi. Cuta uku, magani uku. A kula, 52 a ɗebe 27 ba ta yin wannan aikin, domin kuskuren farko da na biyu duk 35 suke bayarwa, malami ba zai bambanta su ba. Maganin masu 46 da 44 shi ne tsinken tsintsiya: a ɗaure goma-goma da zare, a ba yaro ɗauri bakwai da warwara biyu, a ce ya cire 38. Da hannunsa zai kwance ɗauri ɗaya, ya ga saura shida. Kalmar aro sai ta sami ma'ana.

Kada malami ya yi saurin cewa wannan ce daidai. Ya rubuta 34, 44 da 46 a allo, ya ce: "Ɗaya ce kawai gaskiya. Kowa ya juya ga na kusa da shi, ku nemo yadda za a tabbatar ba tare da an tambaye ni ba." Minti ɗaya ko biyu. Za a sami wanda zai ce a mayar da 38 a kan amsar a gani ko za ta koma 72, kamar yadda mai talla yake ƙirga canji. Yaron da ya gano wannan ya sami abin duba aikinsa har ya gama makaranta.

Sai jira. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 ta tarar malamai kamar daƙiƙa ɗaya suke jira bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi suna tsawo, masu amsawa suna ƙaruwa. A wajenmu, inda yaro yake juya Turanci zuwa Hausa a ransa kafin ya fara tunani, malami ya ƙirga biyar a zuci. Shirun yana da nauyi a makon farko, a daure.

Game da wanda za a kira: a rubuta lambar rajistar kowane yaro a cikin murfin lemo, a zuba a gwangwani. A yi tambaya tukuna, a jira, a bar su su tattauna, sannan a zaro. Idan aka zaro kafin tambaya, saura saba'in da tara sun tafi hutu. A mayar da murfin cikin gwangwani, in ba haka ba wanda aka kira ya san ya gama na yau. Kuma ko amsa daidai ce ko kuskure, abin da zai biyo baya iri ɗaya ne: "Ta yaya ka samo?" Idan sai a kan kuskure ake tambayar haka, yara za su gane, da an tambaya sai su canja amsa.

Ga ɗaya ta ƙarshen mako: mutum 40 za su kasuwar Maigatari, mota tana ɗaukar 18, mota nawa za a nema? Masu cewa "biyu saura huɗu" a tambaye su ina mutum huɗun za su kwana.

Malamin kimiyya, ƙasar Kiyawa

Allah ya ƙara basira, Malama. Ni ta ɓangaren kimiyya zan shigo, domin nan ne aka fi cutar yara da kwafar bayani daga allo, alhali kayan gwaji suna tsakar gidan kowa.

Kowane yaro ya san ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Ba a taɓa tambayarsa me ya sa ba. A fara da wannan, a rubuta duk dalilan da suka kawo a gefen allo, har da waɗanda ba daidai ba, kada a goge ko ɗaya. Sannan kowa ya jiƙa bayan hannu ɗaya, ya bar ɗayan a bushe, ya yi musu fifita da littafi. Wanne ya fi sanyi? Iska ɗaya ce ta bugi duka biyun, to me ya bambanta su? Abin da ake so su iso gare shi da bakinsu: ruwa idan zai bushe ya bi iska, da zafin abin da yake kai yake tafiya. Randa tana tsattsafo ta jikinta, roba ba ta yi.

Daga nan sai tukunya cikin tukunya, mai sanyaya kayan miya ba tare da lantarki ba, wadda Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya sami kyautar Rolex a 2000. Yara su san cewa a jiharsu ne, da ƙasa da yashi, ya yi abin da duniya ta yaba. Ana bukatar tukwanen ƙasa biyu, ƙarama ta shiga cikin babba a bar tsakani kamar faɗin yatsa biyu zuwa uku. A zuba yashi a gindin babbar har bakin biyun ya zo daidai, a cika tsakanin da yashi, a zuba ruwa a hankali har yashin ya ƙoshi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A ajiye a inuwa inda iska take ratsawa, a ƙara ruwa safe da yamma.

Wurin da tunanin yake shi ne kwatanci. A haɗa guda biyu iri ɗaya, ɗaya da jiƙaƙƙen yashi, ɗaya da busasshe, sannan a ajiye faifai a gefe. A sa tumatir biyar-biyar a kowanne, tsinkar rana ɗaya, nuna iri ɗaya. Kafin a rufe, kowane yaro ya rubuta ko ya faɗi wanda yake zaton zai riga lalacewa da dalilinsa. Kullum yara biyu su duba su rubuta a jadawali a bango: nawa suka yi laushi, nawa suka yamutse, nawa suka ruɓe. Idan babu ma'aunin zafi, a sa kwalbar ruwa a kowace tukunya, yaro ya rufe ido a ɗora masa a kumatu ya faɗi wadda ta fi sanyi. A tambaye su me ya sa aka ce ya rufe ido. Wannan tambayar kaɗai darasi ce.

Inda ake samun matsala: a yi shi da damina, lokacin da iska take cike da laima, ruwa ba ya bushewa, bambancin sai ya zama kaɗan. Da hunturu ko bazara ake yi. Ko a kulle tukwanen a ofis ba iska. Ko a ajiye ɗaya a rana ɗaya a inuwa, an canja abu biyu ke nan, ba a san wanne ya yi aikin ba. Ranar Asabar da Lahadi kuma a san wanda zai zuba ruwa, a kuma tsare awaki. Idan sakamako ya saɓa wa abin da aka zata, malami kada ya ɓoye ko ya gyara lambobin. Ya ce wa yaran su nemo dalili.

Wani mai sauƙi: a kafa sanda miƙaƙƙiya a fili, a gwada miƙewarta da zare mai dutse a ƙasa, a riƙa sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta duk rabin awa daga ƙarfe goma zuwa ɗaya. Yara za su ce inuwa ta fi gajarta sha biyu daidai. A ƙasar Kano da Jigawa ba haka ba ne, tana faɗawa ne tsakanin wajen 12:10 da 12:40 gwargwadon watan da ake ciki. Wannan shi ne zawalin da suke ji a karatun salla, sai ga shi a gabansu a ƙasa.

Malamin Arabiyya, ƙasar Dambatta

Malamai, Allah ya biya ku. Gyara ɗaya nake da shi: kada a fita daga nan da tunanin cewa hadda ce abokiyar gaba. Yaron da sau bakwai take a bakinsa ya fi wanda yake ƙirga yatsu samun sararin yin nazari. Laifin shi ne a tsaya a haddar. A karatun zaure ɗalibi yana jan matani, malam ya fassara da Hausa, sannan a kawo mas'ala: wanda ya manta sujada ɗaya ya tuna a raka'a ta uku, yaya zai yi? Mace ta rasu ta bar miji da 'ya'ya mata biyu da uba, yaya rabon? Wannan juya tambaya ne tsantsa, kuma mun gaje shi. Iyayen da za su ce boko tana koya wa yara musu da manya, da wannan misalin za a yi musu bayani.

Kunya kuma a san yadda za a bi da ita. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya ɗaga ido gaban babba ba zai ce malam ya yi kuskure ba don kawai an ce ya faɗa. A ba shi lafazin da zai fake da shi: "Malam, ni a ganina...", "Na yarda da ita, amma...". A fara da saɓa wa amsar da ke allo wadda ba a ce ta wane ba ce. 'Yan mata su fara tattaunawa a tsakaninsu kafin a kira su gaban aji. Kuma ranar da aka daki yaro ko aka bari aka yi masa dariya a kan amsar kuskure, duk abin da Malama ta lissafa ya rushe, sai an yi makonni kafin hannu ya sake tashi.

Dalili kuwa a bari su faɗe shi da Hausa, sannan a ba su kalmar Turancin. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna harshen gida bai tauye su ba, har a Turancin.

Hedimasta, ƙasar Ringim

Na gode ƙwarai, na kwafe duka. Saura abu ɗaya da na san malamaina za su tayar: manhaja tana da yawa, masu duba makarantu kuma abin da aka rubuta an koyar suke dubawa. Idan tambaya ɗaya za ta ci minti goma, yaushe za a gama aikin zango?

Malamar lissafi, ƙasar Gumel

Ranka ya daɗe, lokacin yana nan, kwafa ce take cinye shi. Ka zauna a bayan aji da agogo ka auna minti nawa ake yi ana kwafar allo da maimaitawa da baki ɗaya. Daga nan za a yanko.

Ga yadda minti 35 za su kasu: biyar na tambaya biyu a kan darasin jiya da ɗaya a kan na makon jiya, a kan ƙananan alluna. Goma malami ya koyar da sabon abu, misali biyu yana faɗin abin da yake yi da dalilinsa. Goma na babbar tambaya guda ɗaya, da jira da tattaunawa da zaro murfi. Bakwai kowa ya yi aiki shi kaɗai, malami yana zagayawa, ya fara da layin baya. Ukun ƙarshe a kwafi layi uku ko huɗu, ba shafi ba. Babbar tambayar a rubuta ta a shirin darasi tun daren jiya, tare da kuskure biyu da ake sa ran gani, domin ba a ƙirƙiro ta a tsaye gaban yara tamanin.

Kada a ɗora wa malamai duka a lokaci guda. Mako biyun farko alluna da jira kawai, a darasin lissafi kaɗai. Idan ya zauna a ƙara gwangwanin murafe. Ranar Alhamis bayan an tashi, malamai su zauna minti ashirin, kowa ya kawo tambaya ɗaya da ya yi da amsoshin kuskuren da ta fito da su. Mai duba makaranta idan ya zo, a ajiye masa takardar gwajin karatu ta farko da ta mako na shida gefe da gefe, da sunan kowane yaro da matakin da yake.